Ramin Noti a Babur ɗin Nata'ala

Badaru a Agege aka haife shi, a nan ya yi wayo, kuma bai taɓa wuce Ilorin ba. Mahaifinsa mutumin Bichi ne da fataucin goro ya kawo Legas, ya zauna, ya mutu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza biyu, Badaru da ƙanensa Ridwanu. Badaru ya koyi gyaran babur a hannun Baba Iliyasu, wani tsohon bakanike mai rumfa a gefen layin dogo. Da ya ƙware, tsohon ya ba shi rabin rumfar ya ce ya zauna nan, kada ya yi nisa. Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, saboda haka 'yan okada, wato 'yan acaɓa, na kowace ƙabila suna kawo masa aiki. An san shi da kyan hannu da ƙarancin magana.

Ridwanu shi ne mai surutun gidan. Yana aikin sauke kaya a kasuwar Mile 12. A watan Nuwamba na 1999, wata shida da komawar mulki hannun farar hula, rikici ya ɓarke a Ketu a kan kasuwar. Ridwanu ya fita da safe bai dawo ba. Kwana biyu Badaru yana bin asibitoci. A rana ta uku ya same shi cikin gawarwakin da aka jera, kuma da rigar ƙwallon da ke jikinsa ya gane shi, don fuskar ba ta ganuwa.

Cikin masu zaman makoki akwai Nata'ala, wani ɗan ci-rani daga wani ƙauye a bayan Gumel. Ya yi shekara biyu yana dako tare da Ridwanu kafin ya sayi tsohon babur tokunbo, wato na hannu, ya koma okada. Ridwanu ne ya fara kawo shi gida, har mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Iya, takan zuba musu abinci a kwano ɗaya. Nata'ala ya yi kwana ukun makokin, kansa a ƙasa, shi ke jido ruwa, shi ke naɗe tabarmi. Daga sadakar uku ba a sake ganinsa a gidan ba. Babur ɗinsa ma ya daina kawo shi rumfa, in zai wuce sai ya zaga ta wani layin.

Bayan arba'in wani mai albasa da ake kira Alu ya zo gaisuwa a makare. Ranar rikicin a ƙarƙashin wata tirela ya ɓuya, daga nan kuma ya ga abin da ya gani. A tsakar gida ya ba Badaru labarin, Iya tana ɗaki, labule ne kawai tsakaninsu. Ya ce ya ga Ridwanu yana gudu ana bin sa, ga Nata'ala a gaba ya tayar da babur, bayansa babu kowa. Ridwanu ya cim masa, ya kama kariyar baya da hannu biyu yana kiran sunansa. Babur ya yi tangal-tangal. Nata'ala ya waiwaya, ya sa dunduniya ya doke hannuwan, ya murɗa totur ya tafi.

Iya ba ta yi kuka ba. Amma tun daga ranar, kullum Badaru ya durƙusa gaishe ta da safe, sai ta tambaye shi ko ya ga yaron nan, ko yana nan lafiya yana yawonsa a kan babur. Ba ta taɓa ce masa ya yi wani abu ba. Tambayar kawai take yi, ta kalli hannuwansa, ta ce ya tashi kada ya makara.

Haka aka yi wata bakwai.

Wata ranar Litinin cikin damina, Badaru yana tsugune yana ɗaure sarƙar wani babur, ya ɗaga kai ya ga Nata'ala a tsaye a bakin rumfa. Turo babur ɗin ya yi, gumi ya jiƙa masa riga, baƙin mai yana ɗiga a bayansa tun daga titi. Ya rame ƙwarai. Ya yi sallama ba tare da ya kalli fuskar Badaru ba, ya ce da kansa ya juye baƙin mai don gudun zuwa wurin bakanike, da ya zo mayar da notin da ke ƙasan inji sai ya matse shi da ƙarfi, ya ji ya sake gaba ɗaya. Yanzu notin juyawa kawai yake yi. Ya je wurin makanikai biyu. Ɗaya ya ce sai an canja tukunyar injin dungurungum, ɗayan ya ce a yankin nan babu mai kayan yanka sababbin haƙora a rami sai rumfar Baba Iliyasu.

Gaskiya aka gaya masa. Baba Iliyasu yana da wani ƙaramin akwatin katako mai ɗauke da taf, wato ƙarafan da ake murɗawa a cikin rami su yanka haƙoran da noti zai kama. Tun da idanun tsohon suka fara dushewa akwatin ya koma hannun Badaru.

Badaru ya kwantar da babur a kan tsohuwar taya, ya zare notin da yatsu biyu. Haƙoran ramin sun biyo shi, sun naɗe a jikinsa kamar siririyar waya, don tukunyar alminiyam ce, ba ta jure ƙarfi. Ya sa ɗan yatsa a ramin ya ji shi sumul. Ya ce aikin ba wuya, za a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sababbin haƙora, a sa notin da ya fi wannan kauri. Ya ce Nata'ala ya dawo gobe.

Da gobe ta yi ya ce babu wuta. Jibi aka kawo wuta, ya ce bakin injin hudar da ya dace ya ɓata, sai ya nemo. Gata ya ce ga aikin wasu a gabansa. Aikin da bai fi awa ɗaya ba ya kwana shida. Nata'ala ba shi da wata sana'a sai babur ɗin, ba shi kuma da bakin yin ƙorafi. Kullum zai zo da sassafe ya zauna a ƙarshen benci, ya zura hannuwa tsakanin gwiwoyi, har la'asar. Badaru yana aikinsa yana satar kallonsa. Ya lura ba ya tashi cin abincin rana, wannan kuwa ya yi masa daɗi.

Wadda abin ya dama ita ce Tani, mai sayar da tuwo da shinkafa a rumfar da ke kusa. 'Yar Kontagora ce, mai jiki da yawan dariya, 'ya'yanta huɗu, mijinta Shafi'i yana gadi a wani kamfani a Ikeja. Shekara biyar a wurinta Badaru ke cin abincin rana. A rana ta uku ta zuba wa Nata'ala tuwo ta ajiye a gabansa, ta ce in bai ci ba ta yi fushi. Ta leƙo ta ce wa Badaru ya ji tsoron Allah ya sallami bawan Allah nan, ya ce ai aikin yana kan hanya. Don ta ƙarfafa wa Nata'ala gwiwa sai ta ce masa idan an gyara babur, shi zai riƙa kai ta mayankar Oko-Oba sayen nama kullum, ta gaji da rashin kunyar kwandastocin danfo, ƙananan bas ɗin haya.

A rana ta bakwai Baba Iliyasu ya tafi asibitin ido. Badaru ya kira Nata'ala ya ce ya zo ya danne babur ɗin, za a yi huda. Nata'ala ya durƙusa ya riƙe. Injin huda ya yi ƙara, garin alminiyam ya zubo a kan tsumma. Da Badaru ya kashe injin, wurin ya yi shiru, kawunansu kusa da juna.

"Ya kira sunanka?" in ji Badaru, idonsa a kan ramin.

Nata'ala bai tambayi wa ake nufi ba.

"Ya kira, Yaya Badaru."

"Kuma bayanka babu kowa."

"Babu kowa."

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Ya ce mutanen sun kusa, yana ganin addunansu. Ridwanu bai hau ba, rataye kawai ya yi, babur ya ƙi ja, ya ji za su faɗi su biyun. Ya ce shi bai san lokacin da ƙafarsa ta yi abin ba. Ya ce tun daga ranar ko a cikin hayaniyar titi sai ya ji ana kiransa ta baya. Ya saki babur ya zube a ƙasa cikin taɓo da baƙin mai, ya ce Badaru ya yi masa duk abin da ya ga dama, ya riƙe babur ɗin, ko ya kai shi gaban Sarkin Hausawa, ko wurin 'yan sanda, shi dai ya gaji.

Badaru ya tsaya yana kallonsa. Ya yi zaton in ya ji maganar daga bakinsa zuciyarsa za ta yi sanyi ko ta tafasa. Ba ko ɗaya. Abin da ya gani kawai shi ne kukan yana rage wa Nata'ala nauyi, kafaɗunsa suna saukowa kamar wanda aka sauke wa buhu. Wannan ne ya kasa jurewa. Tani ta bar tukunyarta ta matso, 'yan okada biyu da ke jiran gyara su ma sun miƙe.

"Tashi," in ji Badaru. "Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Na yafe maka."

Nata'ala ya kama ƙafafunsa. Tani ta sa gefen zani tana share ido, tana sa masa albarka. Daidai nan aka kira azahar. Badaru ya ce su je su yi salla, a yi wa Ridwanu addu'a, shi zai ƙarasa aikin ya biyo su.

Rumfar ta rage shi kaɗai. Ramin yana nan yadda ya kamata, an huda shi daidai. Abin da ya rage ya sani kamar sunansa. A shafa wa taf giris don gutsattsarin ƙarfe su maƙale a jikinsa kada su faɗa cikin inji. A dasa shi a miƙe, a murɗa rabin zagaye gaba, a ɗan dawo baya, a sake murɗawa, har haƙora su fito masu zurfi. A wanke da kananzir, a sa noti da sabuwar washar tagulla. Wanda aka yi wa haka, babur zai tsufa ya mutu ramin bai motsa ba.

Badaru ya buɗe akwati ya ɗauko bakin hudar da ya fi na farko kauri, ya sake bi ta cikin ramin. Da ya sa taf sai ya shige kusan ba tare da ya taɓa gefe ba, ɗan karce kawai ya yi. Ya warware zare daga bakin wani buhu ya nannaɗe notin da shi, ya kwaɓa gam ya shafe, ya murɗa shi a hankali har ya zauna. Ya goge wurin tas. Washar tagulla tana sheƙi, ko wani bakanike ne ya duba da ido zai ce aiki ya yi kyau.

Ya san abin da ya yi. Muddin inji na da sanyi notin zai riƙe. In ya yi zafi gam zai saki, gargadar hanya ta ƙarasa sauran, kwana biyu ko uku. Ya san kuma inda man zai zuba, gaban tayar baya ne kai tsaye. Tunanin fasinja ya zo masa, don ɗan okada ba ya yawo shi kaɗai. Ya gaya wa kansa wataƙila inji ne kawai zai ƙone, Nata'ala ya rasa babur ya koma ƙauyensu. Bai yarda da hakan ba ko a lokacin, amma ya ishe shi ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Da suka dawo ya zuba sabon mai, ya ce a bar babur ɗin ya kwana don komai ya zauna. Ya ƙi karɓar ko sisi. Kafin magariba labari ya zaga duk tashoshin okada na Agege, cewa Oga Badaru ya yafe wa wanda ya bar ƙanensa, har ya yi masa gyara kyauta. Labarin ya riga shi isa gida. Iya ta tambaye shi da bakin wa ya yafe, shi ya haifi Ridwanu? Ta juya masa baya.

Nata'ala ya ɗauki babur ranar Litinin. Ranar Talata ya biyo da yamma ya kawo wa Badaru goro da lemo, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tashi daga jinya. Yana ta ba da labarin yadda inji ke tashi da bugu ɗaya. Da ya tafi, Badaru ya dubi inda babur ya tsaya, ya ga ɗigo ɗaya baƙi a ƙasa. Ya sa takalmi ya murje shi.

Ranar Laraba da safe yana buɗe rumfa ya ga Nata'ala ya tsaya a gaban rumfar Tani. Ta fito da babban daronta, ta gyara ɗaurin zani, tana ba babbar 'yarta Bushra umarnin abin da za ta ɗora a wuta. Badaru ya matso kusa. Ya ce mata hadari ya haɗo, da ta hau danfo yau.

Tani ta yi dariya. Ta ce danfo da daron nama sai dai faɗa, kuma daga mayanka za ta biya Abule Egba ta sayi manja.

"Tsoron me zan ji, Oga Badaru? Ba kai ka gyara da hannunka ba?"

Yana iya cewa su tsaya ya ɗan duba wani abu a ƙasan inji. Minti biyu ya isa. Amma Nata'ala yana kallonsa da murmushi, ga mutane, kuma duk wanda ya kwance notin zai ga zaren. Badaru ya sunkuya ya ɗauki sifana. Ya ji tashin babur ɗin, ya ji ƙararsa tana nisa har jirgin ƙasa ya zo ya danne ta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ɗan okada ya shigo a guje. A kan titin Abeokuta abin ya faru, gab da Abule Egba. Waɗanda suka gani sun ce babur yana tafiyarsa lafiya, ba gudu yake yi ba, sai kawai bayansa ya zame kamar an ja shi da igiya. Akwai moluwe, babbar bas ɗin haya, a bayansu cike da mutane, direban bai samu damar taka birki ba. Tani ko shurawa ba ta yi ba. Nata'ala ƙafarsa ta shiga tsakanin babur da tayar motar. Kafin 'yan sanda su iso wasu sun dake shi a kwancen, suna cewa 'yan okada sun ishe su da ganganci. Naman da ya watse a titi kuwa an tsince shi tas.

Da la'asar aka yi jana'izar Tani. Badaru yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kafaɗarsa tana gogar ta Shafi'i. Rumfarta ta kwana da tukunyar shinkafar da Bushra ta dafa, ba wanda ya taɓa.

An yanke wa Nata'ala ƙafa daga saman gwiwa. Bayan mako guda 'yan ƙungiyar okada suka ce za su je duba shi, kuma ba yadda za a yi a tafi babu Oga Badaru. Suka same shi a ɗaki mai gadaje da yawa, kan nan a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Da ya ga Badaru sai ya miƙo hannu. Ya ce shi ya san dalilin abin da ya same shi, alhakin Ridwanu ne, Yaya Badaru ya yafe amma Allah bai yafe ba, kuma ya karɓa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne Tani, matar da ta ciyar da shi kwana huɗu.

"Ita me ta yi, Yaya Badaru?"

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Badaru.

Ko sau ɗaya Nata'ala bai ambaci notin ba. A ganinsa man wata mota ya taka.

Bayan wata guda ƙungiya ta karɓo gawar babur ɗin daga ofishin 'yan sanda. Suka kawo shi rumfa don a ware abin da zai sayu a haɗa wa Nata'ala guzurin komawa gida. Badaru ya so ya yi aikin shi kaɗai, amma Baba Iliyasu ya ce shi ma zai sa hannu don lada. Tsohon ba ya gani sosai, da yatsu yake duba aiki. Yana shafa ƙasan injin ya ji babu noti. Ya zura ɗan yatsa a ramin ya juya, ya daɗe bai cire ba. Ya nemi guntuwar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zaƙulo wani abu baƙi, ya murza shi tsakanin yatsu. Zare ne, da busasshen gam a jikinsa.

Ya jira har 'yan ƙungiya suka tafi.

"Wa ya taɓa ramin nan bayan kai?"

"Babu kowa, Baba."

"Kana da shekara goma sha huɗu na koya maka yanka haƙora. Ba ka taɓa kuskure a kansa ba."

Badaru ya ci gaba da kwance fitila, bai ɗaga kai ba. Tsohon ya tambaye shi ko ya san Tani za ta hau. Ya ce ya gaya mata ta hau danfo. Baba Iliyasu ya zauna a kan benci.

Kwana biyu yana juya abin. In ya je wurin 'yan sanda, a irin zaman ɗar-ɗar da ake yi a garin, duk makanikan layin za a kwashe. In ya gaya wa Shafi'i, wani jinin za a zubar. Sai ya yanke shawarar zuwa wurin Iya. Shi abokin mijinta ne tun suna samari, kuma yana ganin uwa ce kaɗai za ta iya tasa ɗanta gaba ya je gaban manya ya faɗi gaskiya, a san abin da za a yi wa marayun nan.

Ya je da hantsi, lokacin da Badaru ke rumfa. Iya ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa. Ya gaya mata komai, ya kwance ƙullin takarda ya nuna mata zaren. Ta saurara har ya gama ba ta katse shi ba. Da ta buɗe baki, tambayar da ta fara yi ita ce ina shi yaron yake yanzu. Ya ce yana asibiti, an yanke masa ƙafa.

"Yana da rai ke nan," in ji ta.

Baba Iliyasu ya ce ba maganar Nata'ala ce ta kawo shi ba. Mace ta mutu, ta bar 'ya'ya huɗu, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba.

"Allah ya ji ƙanta. Ni ban san ta ba." Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar daga kan tabarma, ta ƙulle a bakin zaninta. "Malam Iliyasu, ɗa ɗaya ya rage mini. In ka buɗe baki wani abu ya same shi, kai ka kashe shi, kuma ni da kai sai a gaban Allah."

Ta tashi ta shige ciki. Da Badaru ya dawo gida ranar, ita da kanta ta kawo masa ruwan wanka, ba ta ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Baba Iliyasu bai gaya wa kowa ba. Ya karɓe akwatinsa na taf, ya sa aka kafa langa-langa a tsakiyar rumfar, bai sake yi wa Badaru magana ba, ko a sahu ba ya tsayawa kusa da shi. Mutanen layi suka ce tsufa ne da hassada, tunda yanzu duk aiki wurin Badaru yake zuwa. Wasu 'yan okada har suka daina gaishe da tsohon. Kafin shekara ta zagayo ya tattara kayansa ya koma wurin 'yarsa a Sagamu.

An sallami Nata'ala bayan wata biyu. Aka samo masa wuri a wata tirelar shanu da ta sauke kaya a Oko-Oba za ta koma arewa. Ba ya iya hawa da sanduna, Badaru ne ya goya shi ya haura da shi, ya zaunar da shi a kan buhun dusa. Nata'ala ya ce ya aika wa Shafi'i sau biyu yana neman gafara, Shafi'i ya ce ko sunansa kada a sake kawo masa. Ya roƙi Badaru ya je da kansa ya roƙar masa, tunda shi kowa yana jin maganarsa. Badaru ya ce zai je. Bai je ba.

Shafi'i ya kasa riƙe yaran da aikin gadi. Ya tura ƙananan uku Kontagora wurin dangin uwarsu, ya cire Bushra daga makaranta ta koma aikatau a wani gida a Ikeja. Wata Bayarabiya ta karɓi rumfar tana sayar da amala, Badaru ya koma cin abincin rana a wurinta. Ya sayi nasa akwatin taf, ya cire langa-langar, rumfar duka ta zama tasa.

A farkon 2002, bayan an gama girbi an fara dawowa ci-rani, wani mutumin ƙauyen su Nata'ala ya zo yana tambayar rumfar Oga Badaru, da ƙullin kaya a kafaɗa. Ya ce Nata'ala yana gaisuwa. Yana nan yana gyaran takalma ranar kasuwa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin mutumin Legas da ya yafe masa jinin ƙanensa. Matarsa ta haihu bayan salla, namiji, an sa wa yaron suna Badaru. Ya ce ga wannan, ba yawa, wake ne da kuka da ɗan daddawa, a kai wa Iya.

Badaru ya yi godiya, ya ce Allah ya raya, ya sayo wa baƙon lemo mai sanyi. Da yamma ya ɗaure ƙullin a bayan babur ɗinsa ya kai gida. Iya ta kwance, ta shinshina daddawar ta ce ta arewa daban ce. Ta tambayi wa ya aiko, ya gaya mata. Ta ce ya miƙo mata tire ta tsince waken.